Tsohuwar da Jelili Ke Kira Mama

"Akwai hauka a gidansu."

Anti Risikat ce ta faɗa, ta gyara zaman gwaggwaronta kamar wadda ta ciyo gasa. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita aka ɗora wa binciken dangin Jelili, tunda a wajenmu ba a karɓar gaisuwar aure sai an tono gidan mutum har kakan kakansa, a ji ko akwai kuturta, ko farfaɗiya, ko taɓin hankali. Anti kuwa in dai tono ne, ko kaza ta sara mata.

Ina durƙushe a gaban mahaifina, wanda muke kira Baami.

"Anti, wane irin hauka kuma?"

"Irin wanda ake kwantar da mutum a asibiti saboda shi, Modinat, ko akwai wani iri? Duk ranar Alhamis saurayin naki yana can asibitin masu taɓin hankali na bayan gari. Da idona na hango shi zaune a ƙasa gaban wata tsohuwa, yana ba ta tuwon amala a baki. Mama yake ce mata. Na tambayi mai shara, ta ce ai kowa ɗan Mama yake kiransa. Da Sallah har atamfa iri ɗaya ya ɗinka musu."

"Aikin makaranta ne," na ce da sauri. "Kowane ɗalibi sai an tura shi wata ma'aikata ya koyi jagoranci. Ni gidan marayu aka tura ni, shi kuma can."

"Ba ke kika ce mana kun gama wannan tun bara ba?"

Ni ɗin ce kuwa na faɗa.

Shekarata talatin da uku. Ina aiki a ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarmu a nan Ibadan, ranar Asabar kuma ina jami'a ina karatun digiri na biyu kan shugabancin ayyukan kula da mutane. A ajin na haɗu da Jelili, wanda ke riƙe da wani gidan tsofaffi a Molete. An daɗe ana yi mini gorin na zauna ina auren littafi. Yanzu da na kawo miji da kaina, ga abin da aka tono.

"Uwarsa fa tana Iseyin tana saƙa, lafiyarta ƙalau," in ji Maami, mahaifiyata, a hankali.

"To gwaggonsa ce, ko kakarsa," in ji Anti. "Jini dai jini ne. Haka ake yi ai, a kai mutum a ɓoye, a zo ana yi mana kwanciyar gaisuwa."

Na ɗaga ido na dubi Baami. Alhaji Raimi mutum ne da ko gobara aka ce ta tashi sai ya gama jan carbinsa, amma yau sai ya ajiye carbin bai kai ƙarshe ba. Ban taɓa ganin wata magana ta firgita shi haka ba.

"An rufe maganar yaron nan," ya ce.

"Baami..."

"Ashake, na ce an rufe!"

Ashake sunan yayarsa ne da ta rasu a Abijan tun kafin a haife ni, shi ya sa mini. Ba ya kirana da shi sai in zai lallashe ni. Yau kuwa da shi ya yi mini tsawa, ya tashi ya shige ɗaki, ya bar ni da hawaye da kuma Anti tana lissafo mini alherin Wasiu, wanda take so in aura.

*

Ranar Asabar na shiga aji ido a kumbure.

Ajinmu na manya ne. Akwai ma'aikatan jinya, akwai gandurobobi biyu, akwai wani fasto, akwai masu jikoki. Kowa ya kwaso gajiyar mako ya zo da ita, shi ya sa kafin azahar rabin aji ke gyangyaɗi. Dokta Fagbemi ba ta damu ba. Tsaye take tana maimaita abin da ta fi so.

"Wanda ya zo hannunku ba shi da komai sai sirrinsa. Ba naku ba ne. Ajiya ya ba ku. Shugaban da bakinsa ke yoyo, na ƙasa da shi ma yoyo za su yi."

Kullum nakan rubuta wannan magana har in ja mata layi. Yau ji na yi kamar in jefe ta da biro.

Da aka tashi, Jelili ya biyo ni wajen mai gasa ayaba. Ya saya mini da gyaɗa kamar yadda ya saba, na ƙi karɓa.

"Wace ce ita?"

Bai yi kamar bai gane ba. Wannan halin nasa shi ya sa na so shi, shi ne kuma yau yake ƙona mini rai.

"Ba zan iya faɗa miki ba, Modinat."

"'Yar'uwarka ce?"

"Wallahi babu jinina a jikinta."

Na sauke ajiyar zuciya har sai da mai ayaba ta waigo. "To alhamdu lillahi! Gobe ka zo gida ka faɗa wa Baami sunanta da sunan gidansu. Anti ta je ta tabbatar, magana ta mutu."

"Shi ne abin da ba zan iya ba."

"Saboda me?"

"Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa ko ita wace ce. Na yi mata alkawari tun ina ɗalibi a wurin."

"Aikinka a wurin ya ƙare!"

"Aikin ya ƙare, alkawarin bai ƙare ba."

Hawaye suka zubo mini, ban damu da 'yan ajinmu da ke wucewa suna satar kallo ba.

"Ka san Baami ya rufe maganarmu? Ka san Wasiu zai zo gobe da ƙanin babansa? Kalma biyu kawai za ka furta, Jelili. Suna da unguwa. Tsohuwar nan ba za ta ma san ka faɗa ba."

"Ni zan sani."

"To ni fa? Ni ba amana ba ce a wuyanka?"

Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ajiye ayabar a kan benci.

"Ke ce kika fi kowa maki a jarrabawar riƙon sirri," ya ce a hankali.

"Jarrabawa ce wannan! Yanzu maganar aurena ake yi!"

"Na sani. Ba na barci, ba na cin abinci, ki tambayi tsofaffin gidana, har sun fara ba ni nasu. Amma ki faɗa mini gaskiya. Matan da ke zuwa ofishinki da tabon duka a jiki, in mijin ɗaya ya zo ya ce ki faɗa masa inda take ko ya hana ki abin da kika fi so a duniya, za ki faɗa?"

Ya san amsar.

"Ranar da na ba da sirrinta don in same ki, ranar za ki fara tunanin me za a ba ni in ba da naki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Modinat."

"To ka je ka auri cikin naka!"

Na juya na tafi ina kuka. Abin haushin shi ne na yarda da shi, ina kuma jin kamar in shaƙe shi. A cikin tasi na riƙa juya maganar. Sai na tuna ranar da ya fara zuwa gaishe da Baami, lokacin da wata tsohuwar gidanmu ta ɗauko kirarin zuriyarmu. Na ga Jelili ya daskare a inda yake kwance yana gaisuwa irin tamu, har sai da aka ce masa ya tashi sau biyu. A lokacin na ɗauka kwarjinin Baami ne.

*

Wasiu ya zo ranar Lahadi da babbar rigar da ta sha sitaci, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Ɗan aminin Baami ne, yana da shagunan tayil a Iwo Road. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Matsalarsa ɗaya, in yana magana da mutum, ji kake kamar yana auna ɗaki.

"Anti Modinat ta karatu!" ya ce yana dariya. "Har yanzu ana ta boko? Digiri ɗaya bai isa a dafa miyar gbegiri ba?"

"Buroda Wasiu, ai kai ma shago ɗaya bai ishe ka ba."

"Ka ji ta! Ni dai in Allah ya yi, Asabar ta zama ta miji. Wannan yawo cikin mahaukata da 'ya'yan tsintuwa, ki bar wa waɗanda ba su da gata."

Ya kawo wa Maami buhun shinkafa, ya kawo wa Anti leshi. Anti ta riƙa shafa leshin tana cewa gidan su Wasiu ko ciwon kai ba a yi.

Bayan sun tafi na shiga wajen Baami na durƙusa.

"Baami, ku kuka koya mini gani ya kori ji. Anti daga nesa ta hango, daga bakin mai shara ta ji. Alhamis ranar baƙi ce, masu sadaka na shiga. Ku je ku tambayi tsohuwar da bakinku. In ta ce jininsa ce, na rantse ba zan ƙara kiran sunan Jelili a gidan nan ba."

"Ba na shiga irin wuraren nan."

"Ko sau ɗaya?"

"Na ce ba na shiga."

Maami ce ta sa baki daga bakin ƙofa. "Alhaji, ka je mana a huta. Yarinyar nan ba ta taɓa kawo mana kowa ba sai shi. In ka yanke ba ka gani ba, har mu mutu da idon zargi za ta riƙa kallonmu. Kuma ai kana sadakar ƙosai don Yaya Ashake, ka kai can wannan karon."

Baami ya ja carbinsa, ya ce Allah ya kai mu.

Ban faɗa wa Jelili ba. Na san abin da nake yi zagaye ne, irin wanda Dokta Fagbemi za ta ja wa jan biro. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

*

Ranar Alhamis da hantsi muka isa, ni da Baami da Anti Risikat, da roba cike da ƙosai. Anti ce a gaba, tana tafiya kamar mai kai 'yan sanda gidan ɓarawo.

"Ga su can! Ban faɗa ba?"

A ƙarƙashin bishiyar mangwaro wata tsohuwa ce zaune a kujera, tsaf da ita, tana ɓare agushi a faranti. Jelili na zaune a ƙasa yana yanke mata farcen ƙafa. Suna hira, tana dariya.

Ya ɗago ya gan mu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya miƙe da gudu ya tare mu, ko gaisuwa ya manta.

"Baba, don girman Allah ku tsaya a nan. Ku bari in fara yi mata magana."

"Matsa, yaro!" in ji Anti. "Me kuma ya rage ka ɓoye? Saboda tsohuwar nan aka fasa ba ka 'yarmu, yau sai mun ji ko wace ce ita a wajenka."

Muryar Anti ba ta san sirri ba. Tsohuwar ta ɗago kai.

Abin da na fara gani tsagar kumatunta ce, irin ta Baami sak. Ban kai ga haɗa lissafi ba na ga ta ajiye farantin. Ba ni take kallo ba, ba Anti ba. Ta ƙura wa Baami ido, ta karkata kai, sai ta buɗe baki da wata murya mai zaƙi da ba ta yi kama da shekarunta ba.

"Adisa! Ɗan marina, hannu baƙi ciki fari. Jikan wanda ya rina rigar sarki ya ƙi karɓar lada. Ɗan gidan da tukunyar shuni ba ta bushewa, ko rani ko damina..."

Adisa sunan Baami ne na gida. Kirarin gidanmu ne, wanda ake yi mana ranar suna da ranar aure, wanda bare ba ya iya jero shi. Amma ba ta tsaya inda tsofaffinmu ke tsayawa ba.

"Adisa mai tsoron akuya! Adisa da na goya har bayana ya yi kanta, in na sauke ka ka yi kuka, in na ɗauke ka ka ja mini kitso!"

Robar ƙosan ta faɗi daga hannun Baami.

Mahaifina, Alhaji Raimi, mai shekara sittin da ɗoriya, wanda mazan unguwa ke zubewa a gabansa, na ga ya taka kamar mai koyon tafiya. Da ya isa gabanta ya miƙe a ƙasa, ƙirjinsa a turɓaya, babbar rigarsa da hularsa da komai.

"Yaya Ashake," ya ce, sai kuka ya ƙwace masa. "Yaya, kina raye?"

"Ga ni kuwa. Ka tsufa, Adisa. Wa ya ba ka izinin yin furfura?"

Na dubi Jelili. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga daga haɓarsa. Na dubi Anti Risikat. Bakinta a buɗe, amma a karo na farko tun da na san ta, babu abin da ya fito.

"An ce mini kin gudu daji," in ji Baami, bai ɗago ba. "Bayan bikina na koma ƙauyen mai maganin da muka kai ki, ya ce kin tsinke mari kin gudu. Na neme ki, Allah ne shaida. Da na rasa, Baba ya ce a ce kin rasu a Abijan."

"Na gudu mana. Kai da an ɗaure ka a turke ana dukanka da safe da yamma, za ka zauna? Na yi yawon titi har Allah ya haɗa ni da masu kawo mutane nan. Suka ba ni magani na dawo hayyacina. Ka gan ni, in dai na sha ƙwayata, na fi rabin mutanen kasuwar Dugbe hankali."

"Me ya hana ki aiko?"

"In aiko wa wa? Ku kuka kai ni. Na rasa jaririna, kaina ya juye, daidai lokacin da dangin budurwarka ke bincike. Aka ce in an gan ni ba za a ba ka mata ba. Na ji da kunnena, Adisa, ban haukace har kunne ba. Sai na ce to, tunda ɓoyewa ce amfanina, bari in ɓoyu da kyau."

Anti Risikat ta zauna daɓas a kan wani dutse. Dangin budurwar nan da ake faɗa ai su ne, don budurwar Maami ce. Uwarta ce ta yi wancan binciken, ta dawo ta ce gidan marina tsaf yake.

Tsohuwar ta juyo gare ni. "Wannan ce?"

"Ita ce, Mama," in ji Jelili.

"Zo nan."

Na durƙusa a gabanta. Ta kama fuskata da hannuwanta masu ƙamshin agushi, ta juya ta dama, ta juya ta hagu.

"Goshin uwarmu ne. Ya sunanki?"

"Modinat." Na dubi idonta. "Baami yana ce mini Ashake."

Ta saki fuskata. Ta share idonta da gefen zani, ta dubi Anti.

"Ke mai gwaggwaro, me na ji kin ce? Saboda ni aka fasa me?"

Anti ta yi ta in-ina. Ni na faɗa mata komai, da binciken, da hukuncin Baami, da Wasiu da tayil ɗinsa. Tana ji tana gyaɗa kai. Da na gama ta ɗauki murfin faranti ta ƙwala wa Jelili a kafaɗa.

"Sakarai! Duk Alhamis kana nan kana yanke mini farce, aurenka na rushewa, ba ka faɗa mini ba?"

"Da na faɗa, Mama, da kin ce in kira su don tausayina, ba don ranki ya so ba."

"To ina ruwanka da raina?"

"Shi ne aikina."

"Ji shi! Wai aikinsa." Ta ƙara ɗaga murfin, sai kuma ta ajiye, ta dafa kansa. Ta juya ga ƙaninta da har yanzu yake ƙasa. "Tashi zaune, Adisa, ka dube ni. Yaron nan ya gane ni 'yar gidanku ce tun ranar da ya ji kirarinmu a tsakar gidanka, don ya saba jin sa a bakina. Ya zo ya tambaye ni, na ce in ya faɗa ban yafe ba. Shi ya sa bai daina zuwa ba. Ya ce gwaggon matarsa ba za ta zauna ba mai leƙo ta ba. Haukan da kuke nema a gidansu, ga shi nan a naku yana ɓare agushi."

Baami ya rufe fuska da hannu.

"Ni aka ɓoye don a ɗaura naka," ta ce. "Yau kuma da ni za ka kwance na 'yarka?"

Can nesa wata ma'aikaciya na kiran masu karɓar magani.

Baami ya miƙe da ƙyar, rigarsa duk ƙasa. Jelili ya yi sauri zai kwanta gaisuwar da ya manta, Baami ya riƙe kafaɗarsa ya hana shi.

"Kada ka kwanta mini yau, ɗana. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango wanda ma babu shi. Da ka so, da kalma ɗaya ka tona ni a gaban iyalina ka karɓi matarka."

"Ba sirrina ba ne, Baba."

"Ka faɗa wa mutanenka su zo. Duk ranar da suka shirya, ƙofata a buɗe take."

Wani abu da ya tokare mini ƙirji tun ranar da Anti ta kawo labari ya sauka gaba ɗaya. Na fashe da kuka, irin mai daɗin nan da ba ka so a rarrashe ka. Na ji jikina sakayau kamar na sauke tulu.

Sai kuma na ga fuskar Baami ta sake ɗaurewa.

"Amma su ma za su yi nasu binciken," ya ce a hankali. "In sun tono wannan fa?"

Ban kawo wannan a raina ba sam. Yanzu mu ne gidan da ake gudu.

"Ni na riga su, Baba," in ji Jelili. "Na san komai tun bara, kuma ban fasa zuwa ba."

"Uwarka fa?"

"Ban faɗa mata ba. Ba ni da izini."

"To na ba ka," in ji Gwaggo Ashake. "Ka je Iseyin ka faɗa mata da bakinka kafin wata mai gwaggwaro ta riga ka. In ta tsorata, ka kawo ta nan mu yi hira, ta ga ko ina cizo. Na gaji da ɓuya, Adisa. Tambaya ɗaya gare ni. Ranar bikin yarinyar nan, wa zai yi mata kirari? Waɗancan tsofaffin da ke yanke shi a tsakiya?"

Baami ya dubi Anti Risikat, ya dube ni. Na san abin da yake aunawa: 'yan masallaci, mutanen unguwa, aminai, da Maami da za a je a yi wa bayani yau ɗin nan.

"Ke za ki yi, Yaya. A tsakar gidan ubanmu, a gaban kowa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ni kuwa nawa ko ruɓewa bai yi ba na yar."

"To a ɗinka mini anko mai kyau. Ba na son ruwan ƙasa."

Anti Risikat ta share hawaye ta ja majina. "Ni zan ɗinka," ta ce. "Amma leshin Wasiu fa? Na riga na kai wa tela."

Gwaggo ce ta fara dariya, sai duk muka ɗauka, har Baami, hawaye na bin tsagarsa. Muka tsince ƙosan da bai taɓa ƙasa ba. Ta ɗauki ɗaya ta gutsura, ta ce shekara da shekaru ana sadaka da sunanta, sai yau ta ɗanɗana.

Jelili ya matso kusa da ni ya rage murya. "Kin zagaye ni, Modinat."

"Na zagaye ka. Kai ƙarata wajen Dokta Fagbemi."

"Har yanzu in je in auri cikina?"

"Ka yi mini shiru, mutane na kallo."

Ba a ranar aka sallame ta ba. Likita ya ce sai an zauna da iyali an tsara maganinta da inda za ta kwana, ni da Jelili kuma mun san hakan ne daidai. Baami ya ce gobe da sassafe zai dawo da Maami, in ta yarda ta biyo shi bayan ta ji abin da zai faɗa mata.

Mun kama hanyar fita, ni a gaba, Gwaggo ta koma kan agushinta. Baami ya tsaya a tsakaninmu. Ban san wadda yake nufi ba, ina jin shi ma bai sani ba.

"Ashake," ya kira a hankali.

Mu biyu muka amsa.